Me ke kwantar da manya a asibitocin koyarwa, me kuma ke ajalinsu?

Masu kallo, assalamu alaikum. A kowane asibitin koyarwa, daga na Malam Aminu Kano zuwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai babban littafi da ma'aikatan jinya ke rubuta sunan wanda aka kwantar, da ciwon da ya kawo shi, da kuma yadda ya bar gado: ko an sallame shi, ko 'yan'uwa sun ɗauke shi ba da yardar likita ba, ko kuwa rai ya yi halinsa.

A da, cututtuka masu yaɗuwa ne suka fi cika waɗannan shafuka, irin su tarin fuka da sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta hallaka dubban mutane a Arewa, sannan ƙanjamau kafin maganinta ya wadata. Har yanzu suna nan, amma gadaje da yawa sun koma hannun shanyewar ɓarin jiki, da gazawar zuciya, da ciwon suga, da ciwon ƙoda. Idan aka bi diddigi, sau da yawa hawan jini ne tushen uku daga cikin huɗun nan, wato ban da ciwon suga, domin mutum kan yi shekaru awonsa na sama da 140 bisa 90 ba tare da ya ji komai ba, har sai ranar da ya faɗi wajen alwala, baki ya karkace, hannu ya saki.

Akwai kuma ciwon zuciya na masu jego, wanda likitoci a Zariya suka yi nazarinsa tun shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, kodayake binciken baya-bayan nan ya nuna cewa lamarin bai tsaya ga al'ada kaɗai ba. Mace takan zo da kumburin ƙafa, numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da filo.

Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne lokacin mutuwar, domin da yawa daga cikin masu rasuwa a kwanakin farko na kwanciya suke cikawa. Kafin a iso, an bi ta kemis, an sha jiƙo, an jira a haɗa kuɗin mota, ga shi wankin ƙoda ana so a yi shi sau uku a mako, wanda ba kowane gida ne zai iya ɗauka ba.

Sai dai a lura, littafin nan bai ƙirga wanda ya rasu a gida aka yi masa sutura kafin la'asar ba, don haka alƙalumansa na waɗanda suka samu isowa asibiti ne kawai.