Yadda Ake Saita Injin Gahawa Mai Niƙa da Kansa, da Irin Ƙwayar da Ta Dace da Shi

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Damagaram da kewaye. Injin da kuke gani a kan wannan teburi shi ne irin wanda ake zuba wa ƙwayar gahawa soyayya, ya niƙa ta da kansa, ya danne garin, ya tura ruwan zafi ta cikinsa, sannan ya tsiyayo gahawar cikin kofi, duk da danna maɓalli guda. Kamfanoni irin su De'Longhi da Philips da Jura ne suka fi shahara da ƙera shi, kuma ko da yake surarsu ta bambanta, tsarin aikinsu kusan ɗaya ne. Mutane da dama suna sayen wannan inji da tsada, su kunna shi yadda ya fito daga kwali, su sami abin sha mai tsami ko mai ɗaci ko wanda ya yi salam, sai su yanke hukuncin cewa injin ne ba shi da kyau. A mafi yawan lokuta injin lafiyarsa lau, ƙwayar ce ba ta dace ba, ko kuma ruwa ya yi wa garin yawa.

Za mu fara da ƙwaya, domin babu wani saiti da zai gyara ƙwayar da ta lalace. Gahawar da ake sayarwa a duniya kusan duka iri biyu ce. Akwai arabika, wadda asalinta tsaunukan Habasha ne, kuma take son wuri mai tudu da sanyi. Ana noma ta sosai a Birazil da Kolombiya da Kenya, har ma a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba a Najeriya. Tana da ƙamshi, da ɗan zaƙi, da ɗan tsami mai daɗi. Akwai kuma robusta, wadda ke jure zafi da ƙasa mai kwari, ita ce ake nomawa a Kwadebuwa da Yuganda da Kamaru, kuma Biyetnam ce ta fi kowace ƙasa samar da ita. Robusta ta fi ɗaci, ta fi kumfa, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta ya kusa ninka na arabika sau biyu. Wanda ya saba da gahawar gwangwani ta wajen mai shayi, wadda galibi daga robusta ake yin ta, zai fi saurin sabawa da ƙwayar da aka haɗa iri biyun, musamman idan da madara da sukari yake sha. Wanda kuma yake son ya sha ta baƙa, ya ji ƙamshinta, arabika zalla ta fi dacewa da shi.

Abin da ya fi irin ƙwayar muhimmanci ga lafiyar injin shi ne yadda aka soya ta. Ku dubi waɗannan faranti biyu. A na dama, ƙwayar ta yi baƙi ƙirin tana sheƙi, saboda an soya ta har mai ya tsattsafo ya lulluɓe bayanta. A na hagu kuwa launinta ruwan ƙasa ne, kuma a bushe take. Ta hagun ce ake so. Man da ke jikin ta dama yana manne wa bangon mazubin ƙwaya, yana liƙe haƙoran niƙa, yana toshe ƴar hanyar da gari ke bi, kuma a zafi irin na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, wannan mai yana saurin yin tsami ya ɓata duk abin da aka niƙa bayansa. Haƙoran niƙan irin wannan inji a ɓoye suke can ciki, ba a ciro su a wanke cikin sauƙi, don haka rigakafi ya fi. Haka nan a guji ƙwayar da aka soya da sukari, ko wadda aka shafa wa man ƙamshi. Ƙwayar da aka yi wa suya sama-sama ita ma tana da nata cikas, domin tana da tauri, kuma waɗannan injuna ba sa iya fitar da zaƙinta, sai ta fito da tsami. Matsakaiciyar suya, ko wadda ta ɗan zarce matsakaici ba tare da ta yi maiƙo ba, ita ce ta fi dacewa.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata in tsaya a kanta. Muna son citta da kanumfari a abin sha mai zafi, kuma hakan yana da kyau, amma wurinsu cikin kofi ne bayan gahawa ta sauka. Kada a zuba su a mazubin ƙwaya. Kada kuma a zuba gahawar gwangwani mai narkewa a ƴar ƙofar da aka tanada don garin gahawa, domin za ta narke ta daskare a ciki. Wanda ya sayi ƙwaya daga buhu a kan awo, a Kasuwar Dole ko a wajen ƴan kasuwar da ke kawo kaya daga Kano, ya baza ta a faifai ya tsince ta kafin ya zuba, saboda ƙaramar tsakuwa guda tana iya fasa haƙoran niƙa. Ɗanyar ƙwaya koriya, wadda ba a soya ba, ba ta shiga wannan inji sam.

Idan a leda aka rufe ƙwayar, ku nemi ranar da aka soya ta, domin ta fi ranar ƙarewar wa'adi amfani. Sabuwar suya tana fitar da iska na wasu kwanaki, shi ya sa ake saka ƴar ƙofar iska a jikin leda, kuma gahawa ta fi daɗi daga kamar mako guda bayan suya zuwa ƴan makonnin da ke biye. Bayan an buɗe, iska da zafi da haske ne ke cinye ƙamshin. A ajiye ta a mazubi mai marfi da ke rufuwa ruf, a ɗaki mafi sanyi a gidan. Firji ba wurinta ba ne, saboda gahawa tana shan warin abin da ke kusa da ita, ko kifi ne ko daddawa, kuma duk sanda aka fito da ita zuwa zafi sai raɓa ta sauka a kanta. Mazubin da ke kan injin ma kada a cika shi fal. A zuba abin da za a sha cikin kwana biyu ko uku, domin yana kusa da abin da ke dafa ruwa, kuma a lokacin hunturu a riƙa rufe shi sosai saboda ƙura.

Yanzu mu koma kan saiti. Ga abin murɗawa nan a cikin mazubin ƙwaya, shi ne ke kusanta haƙoran niƙa ko ya nisanta su, kamar yadda mai injin niƙan hatsi ke ɗaure injinsa idan ana son gari mai laushi, ya sassauta idan tsaki ake so. A yawancin injuna ƙaramar lamba tana nufin laushi, babba tana nufin gari mai tsaki-tsaki. Sharaɗi na farko, wanda littattafan kamfanonin ke nanatawa, shi ne kada a murɗa shi sai injin yana cikin niƙa, domin idan yana tsaye akwai gutsattsarin ƙwaya tsakanin haƙoran, kuma tilasta su yana lalata su. Sharaɗi na biyu shi ne a matsa mataki ɗaya kawai a kowane karo, sannan a fitar da kofi biyu ko uku kafin a yanke hukunci, saboda tsohon gari yana nan a hanya, kuma kofin farko ba ya nuna canjin da aka yi. Idan injin sabo ne dal, yana da kyau a yi amfani da shi na ƴan makonni a kan saitin kamfani kafin a taɓa wannan wuri.

Harshe da ido ne za su gaya muku inda za ku murɗa. Idan gahawa ta zubo da gudu, launinta ya yi fari-fari, kumfarta ta ɓace nan take, kuma kun ji tsami ba nauyi a baki, ruwa ya wuce bai kwaso abin da ya kamata ba, sai a ƙara laushi. Idan kuwa tana ɗiga da ƙyar, ko ta tsaya gaba ɗaya, kuma kun ji ɗaci mai bauri da ke busar da harshe, garin ya yi laushi fiye da kima, sai a koma baya mataki guda. Abin da ake nema shi ne ta zubo siririya ba yankewa, da kumfa mai launin ruwan ƙasa da ke jimawa a sama. Ku duba akwatin da injin ke zubar da tukar gari, shi ma yana ba da labari: tukar da ta fito dunƙule, wadda za a iya ɗauka da yatsu ba ta wargaje ba, alama ce mai kyau, wadda ta fito caɓal kamar laka kuma galibi tana nuna cewa garin ya yi tsaki ko ya yi kaɗan.

Maɓallin da ke da hoton ƙwaya ɗaya ko biyu ko uku, wanda ake kira na ƙarfi, yawan garin da injin zai niƙa wa kofi guda yake saitawa. Ɗakin da ake danne gari a irin wannan inji ƙarami ne, bai kai na injunan manyan wuraren shan gahawa ba, saboda haka shawarata ita ce a ɗaga shi zuwa mataki na sama ko na kusa da shi, a bar shi a nan.

Sai yawan ruwa, kuma a nan ne na fi ganin an yi asarar ƙwaya mai kyau. Esfireso irin na Italiya, wato ƴar gahawa mai kauri da ƙarfi, ruwansa mililita 25 zuwa 30 ne, abin da bai cika finjali ba. Mu kuma mun saba da babban kofi, sai mutum ya saita injin ya tura ruwa mai yawa ta cikin wannan ɗan gari har kofin ya cika. Abubuwa masu daɗi da ke cikin gari su ne ke fara narkewa, kuma da zarar sun ƙare, ruwan da ke biyo baya ɗaci da bauri kawai yake kwasowa, ga shi kuma ya tsinke abin sha. Hanyar da ta fi ita ce a saita injin ya tsaya a mililita 30 zuwa 40, sannan a ƙara ruwan zafi zalla daga bututun ruwan da ke gefe har kofin ya kai yadda ake so. Idan ana son ta yi ƙarfi sosai, a fitar sau biyu a kofi ɗaya, kowanne da sabon niƙa. A yawancin injuna, ana saita wannan ta hanyar danne maɓalli a riƙe, a sake danna shi idan ruwan ya kai inda ake so, injin kuma zai riƙe wannan awo.

Zafin ruwa bai buƙatar dogon bayani. Gahawa tana so tsakanin digiri 90 da 96, kuma matsakaicin saiti ko na sama ya wadatar. Ƙwayar da ta sha suya sosai ce kawai ake rage wa zafi. A ɗauraye kofin da ruwan zafi kafin a tara. Madara mai sanyi ta fi yin kumfa, kada kuma a bar ta ta wuce kamar digiri 65. Mai amfani da madarar gari ya dama ta da ruwan sanyi har ta narke sarai, kuma ya wanke bututun madara nan take bayan ya gama, domin a yanayinmu saura kaɗan ma yana lalacewa cikin ƴan sa'o'i.

Duk wannan saiti ana yin sa ne ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya canza niƙa da ƙarfi da ruwa a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ko wanne ya ɓata ba. Duk lokacin da aka buɗe ƙwaya ta wani iri dabam, a sake ɗanɗanawa, domin tana iya buƙatar a matsa mataki guda.

Ruwan da ake zuba wa injin ya cancanci kulawa ta musamman a Zinder, inda gidaje da yawa ke haɗa ruwan famfo da na rijiya da na ƴan garuwa. Ruwan da aka ajiye a randa ko jarka a bar shi ya kwanta, a tace shi, domin rairayi yana lalata famfon cikin injin. Akwai kuma ma'adinan da ido ba ya gani, waɗanda ke daskarewa su zama farin ɓawo a cikin bututu idan ruwa ya yi zafi, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Wannan ɓawo yana rage zafin ruwa, yana tsuke hanya, a ƙarshe ya toshe ta. Yawancin injuna suna zuwa da ƴar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa, launinta ya nuna yawan ma'adinan, sai a shigar da sakamakon a saitin injin domin ya san lokacin da zai kunna fitilar neman wanki. Idan fitilar ta kama, a yi amfani da maganin wanki da kamfanin ya tanada, a guji ruwan kal, wanda kamfanoni ke gargaɗin cewa yana cutar da kayan ciki. A injunan De'Longhi da Philips ana ciro ɓangaren da ke danne gari ta ƙofar gefe, a ɗauraye shi da ruwa zalla sau ɗaya a mako, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a mayar. Na Jura ba a ciro shi, da ƙwayar maganin wanki ake tsabtace shi.

Game da wutar lantarki, irin wannan inji yana jan kusan wat 1,400 zuwa 1,500 a lokacin da yake dafa ruwa. Mai amfani da hasken rana ko janareta ya tabbatar na'urarsa za ta ɗauki wannan nauyi tare da firji da fanka, kuma yana da kyau a haɗa injin da na'urar daidaita wuta, saboda hawa da saukar wuta na ƙona allon lantarkin da ke ciki, wanda samun madadinsa ke da wuya. A kashe shi da maɓallinsa, a jira ya gama ɗauraye kansa kafin a zare waya daga bango, domin idan aka katse shi a tsakiyar aiki ɓangaren danne gari yana iya maƙalewa ya ƙi fita. Wankin farin ɓawo kuwa yana ɗaukar kusan rabin sa'a ko fiye, saboda haka a fara shi a lokacin da ake da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba.