Kafin a dangwala yatsa a takardar bincike

Uwa ta taho Katsina daga Batsari da yaro a goye, jikinsa zafi rau, ba ta da ko sisin magani. Mai farar riga ya miƙo takarda ya ce, "Baiwar Allah, dangwala nan, magani kyauta ne." Za ta dangwala, domin ita a zatonta jinya ce. In kuwa gwajin sabon magani ake yi, to ba a samu yardarta ba, matsuwarta aka ci.

Jama'a, a 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone, sanannen maganin cutar, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Tun 2007 Najeriya ke da kundin ɗa'ar binciken lafiya. Kafin a taɓa ko mutum ɗaya, sai kwamitin ɗa'a ya tantance binciken ya ba da izini a rubuce. Bayani kuma da harshen da mutum yake ji za a yi shi: mene ne maganin, wace illa ake tsoro, wa zai ɗauki nauyin jinya idan an samu matsala. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, sannan a ba shi kwafin takardar ya tafi da shi gida.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen marasa gata. Izinin mai unguwa ladabi ne, amma bai maye gurbin bakin mai jiki ba. Mace ta shawarci maigidanta, sai dai "na yarda" daga bakinta za ta fito. Almajiri sai an nemo mahaifinsa ko waliyyinsa, kuma yaron da ya yi wayo, in ya ƙi, a ƙyale shi. Ɗan gudun hijira da fursuna ba a zaɓarsu don sun fi sauƙin samu, sai in binciken lalurarsu ya shafa.

Kuɗi ma tarko ne. Kuɗin mota da na ɓata lokaci daidai ne, amma adadin da mai yunwa ba zai iya cewa a'a ba ya zama saye. Kuma duk ranar da kika ce kin fasa, Hajiya, dole a ci gaba da duba yaronki kamar kowa.