Amsoshin Tambayoyinku: Wane injin wasa wuƙa ya dace da mai ƙaramar sana'a?

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta yau daga wani bawan Allah ce da ya daɗe yana wasa wa mutane wuƙaƙe da dutsen hannu. Ya ce aiki ya fara fin ƙarfinsa, yana son sayen inji mai aiki da lantarki, to wanne zai ɗauka?

To Malam, kafin ka tambayi ƙarfin inji, fara tambayar gudunsa, domin zafi ne ke kashe wuƙa. Injin dutse irin na wurin masu walda yakan juya kusan sau 3,000 a minti ɗaya, bakin wuƙa kuwa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Da ka ga bakin ya rikiɗe ya yi shuɗi, to ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Selsiyus, taurin ƙarfen ya tafi ke nan. A hannunka za ta yi kaifi kamar reza, kwana biyu ta dakushe, mai ita ya ce ba ka iya ba.

Akwai injin da dutsensa ke juyawa a hankali yana ratsa ruwa, irin Tormek T-8 na ƙasar Suwidin, mai juyi 90 kacal a minti. Wannan ba ya ƙona baki, kuma yana da maƙalai da ke riƙe wuƙa ko almakashi a kusurwa ɗaya. Sai dai yana da nawa wajen aiki. Idan aka kawo maka wuƙar da bakinta ya ɓantare, ga mutane suna jira, za ka ji a jikinka.

Ni dai da za a bi tawa, mai karɓar wuƙaƙe da yawa ya nemi inji mai bel ɗin samfefa wanda ake iya rage masa gudu. Ka fara da bel mai kaushi, lamba 120, har sai ka ji wata 'yar gezar ƙarfe ta taso a ɗaya gefen idan ka shafa da yatsa. Sannan ka koma 400, ka koma 1000, ka ƙare da bel ɗin fata. A kan fatar nan bakin wuƙa ya bi inda bel ke tafiya, in ka tare shi zai yanke. Ajiye kofin ruwa a gefe kana tsoma wuƙar, kuma kada ka danne.

Yawancin wuƙaƙen girki na Turai kusurwar wasawa ta digiri 20 suke so a kowane gefe, na Japan kuwa wajen 15. Shi ya sa ƙananan injinan nan da ake zura wuƙa a tsaga a ja, ka bar wa masu amfanin gida. Kusurwarsu a kafe take, kuma ba a yi su don aikin wuni ba.

Kafin ka biya, tabbatar ana samun bel ɗin canji daidai girman injin, ka kuma haɗa da tabarau da takunkumi saboda ƙurar ƙarfe.