Taurin bashi a kasuwa: yadda za ka karɓi haƙƙinka ba tare da ka zama mai laifi ba

(An rubuto daga laccar da aka gabatar wa 'yan kasuwa a garin Bauchi)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Iyayena, yayyena, Alhazai da Hajiyoyi, assalamu alaikum.

Duk wanda ke zaune a nan, daga kasuwar Muda Lawal ya zo ko daga ta Wunti, akwai wanda yake bi kuɗi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba bashin muka zo zagi ba. Maganarmu a kan mutumin da ya ɗauki shinkafa buhu 30, ya sayar, ya ci riba, ka kira shi ya ce “kuɗi ba su shigo ba, Alhaji”, washegari kuma ka hango shi a rumfar maƙwabcinka yana sari da kuɗi hannu.

Da farko ku raba mutum biyu. Akwai wanda kasuwa ta karye masa, wannan aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Akwai kuma mai hali da ke ja maka rai, shi ne wanda hadisin Bukhari da Muslim ya kira jinkirinsa zalunci. Wannan na biyun muke nufi.

To me ya sa yake cin galaba a kanmu? Kunya. Muna jin nauyin cewa abokin ciniki ya sa hannu a takarda, wai kada ya ga ba a yarda da shi ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ko kun fi Sahabbai amana ne? Ka rubuta yawan kaya, farashi, ranar biya, ya sa hannu, mutum biyu su shaida. In kuɗin da yawa, a kawo wanda zai tsaya masa.

Wani zai ce, Malam, ai ni na riga na bayar ba rubutu. Ba ta ɓaci ba. Yau ɗin nan ka tura masa saƙo a WhatsApp cikin lalama: “Alhaji, ragowar naira miliyan 2 na shinkafar nan, yaushe zan sa rai?” In ya amsa “ka ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata”, ya amsa bashin da bakinsa ke nan. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a gabatar da irin wannan saƙo a kotu in an cika sharuɗɗansa. Kada ka goge, kada ka sayar da wayar. Haka alat ɗin banki na abin da ya taɓa biya.

Daga nan sai a bi ta hannun manya: shugabannin ƙungiya, sarkin kasuwa, ko wanda ya haɗa ku. Mai taurin bashi ya fi tsoron a daina ba shi kaya fiye da tsoron alƙali. In an yi sulhu zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, a rubuta.

Yanzu ga inda da yawanmu ke faɗawa rami, wato ofishin 'yan sanda. Jama'a, ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ka sa a tsare shi kwana biyu, ya fito ya ɗauki lauya ya kai ƙarar tauye masa haƙƙi, sai ka ga kai da kake bin kuɗi an ce ka biya diyya. Haka tura matasa su kwashe masa kaya, ko yaɗa hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo. Sai dai in cek ya ba ka, ka kai banki cikin wata 3 aka ce babu kuɗi a asusun. Wannan laifi ne a dokar hana ba da cek marar kuɗi ta 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 babu zaɓin tara.

In sulhu ya ƙi, ka rubuta masa takardar neman biya da wa'adi, sannan kotu. A kotun Shari'a hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musanta, kun ga amfanin takardar ke nan. In ba ka da ita, mara tsoron Allah zai rantse ya tafi. In kuma an yanke hukunci ya ƙi biya, kotu na iya umartar bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa a ba ka, ko a yi gwanjon kayansa.

Kada kuma ku bar bashi ya tsufa. A dokokin jihohi akwai wa'adin shigar da ƙarar bashi, wasu shekara 5, wasu 6, in ya wuce sai kotu ta ƙi sauraro.

Na ga ladan ya miƙe. Bayan La'asar za mu karɓi tambayoyi, musamman masu bin kuɗin kwangila, don nasu akwai ƙarin bayani.