Lacca a Aboabo, Kumasi: furotin ɗin da ake haɗawa a lab don binciken kansa

Assalamu alaikum iyayena mata, 'yan'uwa, sannunku da zuwa. Ku matso gaba dan Allah, maganar yau ta shafi kowane gida.

Jikin ɗan Adam ƙwayoyin halitta ne ƙanana ƙanana, kuma ƙwaya ba ta rabuwa ta hayayyafa sai an aiko mata saƙo. A bayan kowace ƙwaya akwai wani furotin da ke karɓar saƙon nan, ku ɗauke shi kamar kwaɗo, saƙon girma kuma shi ne makulli. Wani Ba'amurke Stanley Cohen shi ya gano ɗaya daga cikin saƙonnin nan a jikin ɓera, har aka ba shi kyautar Nobel a 1986 shi da Rita Levi-Montalcini. To a wasu kansa kwaɗon ne yake yin yawa ko ya lalace ya zauna a buɗe, ƙwaya sai ta yi ta rabuwa dare da rana babu mai ce mata tsaya. Wani irin kwaɗon nan ana ce masa HER2, kuma cikin mata 100 masu kansar nono wajen 15 zuwa 20 shi ne matsalarsu.

Yanzu maƙeri ba zai yanka maka abin toshe kwaɗon da bai taɓa riƙewa ba ai, shi ya sa masana suke ɗauko bayanin furotin ɗin daga cikin DNA, wato rubutun gadon halitta da ke cikin ƙwaya, su saka shi cikin ƙwayoyin da suke kiwo a lab, da yawa daga jikin wata 'yar dabba mai kama da ɓera da ake kira hamsta aka samo asalinsu, su kuma su yi ta ƙera shi, a tace a zuba a 'yar kwalba, sannan a gwada magunguna a kansa ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ne ya kama shi gam. Maganin Herceptin da Amurka ta amince da shi a 1998 HER2 ɗin nan yake kamawa, kuma wallahi ya ceci mata da yawa da a da ake cire rai da su.

Amma ku ji nan da kyau, Hajiya ki saurara. Maganin nan ba ya yi wa kowa aiki. In ciwonki ba na HER2 ba ne ko kin sayar da gida kin saya ba abin da zai miki. Kuma bincike ya nuna a nan Afirka ta Yamma ana yawan samun irin kansar nonon da ba ta da HER2 ba ta kuma jin maganin homon, wato maganin da ke tare sinadaran jikin mace da wasu kansa ke girma da su, ita ce mai saurin yaɗuwa kuma tana kama mata da ƙuruciyarsu. Wannan yana ci min rai, don in yaranmu na jami'ar KNUST ta nan Kumasi da cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Accra ba su samu kayan aiki sun bincika namu jikin ba, wa zai yi mana?

Saboda haka in kika ji ƙullutu a nono kar ki tsaya shafe-shafe da jiƙo har ya fashe, ki je asibitin Komfo Anokye, su ɗan ɗebi tsoka su auna, ki tambayi dokita da bakinki, an duba HER2? Haƙƙinki ne ki sani. Maza kuma ku raka su, ku daina cewa sammu ne.

Mai tambaya ta ɗaga hannu, a miƙa mata makirfon.