Na'urar da ke neman mai alhali ba ta ganin mai

Rabi: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Injiniya Auwal ya shigo mana da wata doguwar takarda mai zane a karkace, Kabiru kuwa ya rantse gwajin bugun zuciya ne.

Kabiru: Kuma har yanzu ban janye ba.

Auwal: Ta rijiyar mai ce, Malam Kabiru. Ana zura na'ura da waya har gindin rijiya, sai a riƙa jawo ta a hankali tana auna yadda dutse ke turje wa lantarki. Inda layin ya zabura dama, turjiya ta yi yawa.

Rabi: Wato nan man yake?

Auwal: Kada ki yi sauri, Malama Rabi. Na'urar ba ta san mai ba. Dutsen ƙarƙashin ƙasa kamar soso yake, ƙananan ramukansa cike da ruwan gishiri, kuma ruwan nan ne ke ɗaukar lantarki. Ruwan teku, alal misali, turjiyarsa kusan 0.2 ce a ma'aunin om-mita. Idan mai ko gas ya kori ruwan ya zauna a wurinsa, lantarki ya rasa hanya. Rashin ruwan gishiri muke gani, mu yi hasashen mai. Gus Archie na kamfanin Shell ne ya fitar da lissafin da ke mai da wannan turjiyar adadi, a 1942.

Kabiru: Wa ya fara wannan dabara?

Auwal: Kamfanin 'yan'uwan nan biyu, Conrad da Marcel Schlumberger. A watan Satumban 1927, a Pechelbronn ta ƙasar Faransa, mijin 'yar Conrad, Henri Doll, ya yi awon farko. Tsayawa suke yi mataki-mataki, su karanta, su zana da hannu.

Rabi: To na ji ana cewa wasu na'urorin da maganaɗisu suke aiki, ina ya shigo?

Auwal: Lakar da ake zubawa cikin rijiya yayin haƙa ce ta jawo shi. Na'urar farko sai lakar haƙa ta kai mata lantarki jikin dutse. Da aka fara haƙa da lakar da aka kwaɓa da mai, ba ta ɗaukar lantarki, awo ya tsaya cik. Doll ya yi aikin na'urar gano nakiyoyin da aka binne a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya ɗauko wannan basirar, ya bayyana ta a 1949. Naɗin waya ɗaya yana sakin ƙarfin maganaɗisu mai juyawa kusan sau 20,000 a daƙiƙa. Wannan ya tayar da lantarki mai zagaye rijiyar a cikin dutsen kansa, naɗi na biyu kuma ya saurari amsar.

Kabiru: Ba tare da ta taɓa bango ba?

Auwal: Ko kusa. Amma fa lakar ba ta barin mu mu huta. Ruwanta yana kutsawa cikin dutse ya tura man baya, shi ya sa ake auna kusa da nesa a lokaci guda, a kwatanta.

Kabiru: To ni dai ga nawa, nan da layin ya yi tsalle. A kafa famfo!

Auwal: Da ka yi asara. Wannan dutsen farar ƙasa ne mai tauri, babu ramuka, babu ruwa, babu mai. Ruwan daɗi ma haka yake ruɗin mutane. Sai an haɗa da awon ramukan dutsen tukuna.

Rabi: Naɗe takardarka, Injiniya, kafin Kabiru ya fara sayar da hannun jari.