Riga Mai Hoton Bindiga: Lacca Kan Dokar Tufafi a Makarantun Amurka

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya can kuna ji na? To madalla. Masu tsaye a bakin ƙofa ku shigo, ga kujeru nan gaba.

An ce in yi magana a kan dokar tufafi a makaranta, ni kuma na zaɓi in kai ku Amurka, domin a can ne maganar riga ta haɗu da maganar bindiga. Abubuwa huɗu na shirya: tushen dokar, shari'o'in da aka yi, yunifom, sai abin da shugaban makaranta zai koya.

Na farko, tushe. A shekarar 1791 aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka gyare-gyare guda goma. Gyara na farko ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki da na addini. Na biyu ya kare 'yancin mallakar makami. Ku riƙe biyun nan daban-daban, don mutane da yawa suna cakuɗa su. Babu wata kotu da ta yarda yaro ya shiga aji da bindiga. Tun 1994 akwai dokar tarayya da ta ce jihar da ke karɓar kuɗin ilimi daga gwamnatin tarayya dole ta kori ɗalibin da ya kawo bindiga makaranta na aƙalla shekara guda. Ko a 2008, da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Heller cewa mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa, ta faɗa da bakinta cewa hukuncin bai taɓa dokokin hana makami a makarantu ba. Saboda haka ƙarfen kansa an gama da shi. Abin da ake jayayya a kai shi ne hoto. Hoton bindiga a jikin riga. Wannan kuwa magana ce, gyara na farko ke kula da ita.

Kafin a zo ga bindiga sai an bi ta kan wata yarinya, Mary Beth Tinker. A watan Disamba na 1965, a birnin Des Moines na jihar Iowa, tana da shekara 13, ita da wanta John da wani abokinsu suka ɗaura baƙin ƙyalle a damtse suka tafi makaranta, alamar ba su goyon bayan yaƙin Biyetnam. Aka dakatar da su. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, a 1969 alƙalai bakwai cikin tara suka ba yaran gaskiya. Mai shari'a Abe Fortas ne ya rubuta hukuncin, ya ce ɗalibi da malami ba sa tuɓe 'yancinsu na magana su ajiye a bakin ƙofar makaranta. Amma ya gindaya sharaɗi: makaranta tana iya hanawa idan tana da hujjar cewa abin zai dagula karatu sosai, ko zai taka haƙƙin wasu ɗaliban. Hujja fa, jama'a. Tsoron da ba shi da tushe bai isa ba, rashin jin daɗin malami bai isa ba. Ku rubuta kalmar nan, hujja, za mu yi ta dawowa kanta.

Yanzu ga shari'ar da na fi so, ita ce kullum nake ba ɗalibaina. Shari'ar Newsom, a gundumar Albemarle ta jihar Virginia. Watan Afrilu na 2002, wani yaro ɗan aji shida ya je makaranta da rigar da ya samu a sansanin koyon harbi na ƙungiyar NRA, babbar ƙungiyar masu kare mallakar bindiga a ƙasar. A jikin rigar akwai inuwar mutum uku, kowanne riƙe da bindiga. Mataimakiyar shugaban makaranta ta hango shi a ɗakin cin abinci, ta ce ya canza ko ya juya ta baibai. Ya juya.

Ni ban zo in zagi matar nan ba. Ku tuna lokacin. Shekara uku ke nan da abin da ya faru a makarantar Columbine ta jihar Colorado, ranar 20 ga Afrilu 1999, inda ɗalibai biyu suka harbe 'yan'uwansu goma sha biyu da malami guda. Duk malamin Amurka da ya ga inuwar mutum da bindiga a wannan zamanin, Columbine ce za ta faɗo masa a rai. Matsalar ita ce a ranar babu wata doka a littafin makarantar da ta hana irin wannan riga. Sai daga baya suka zauna suka ƙara layi guda: an hana duk wani saƙo a jikin tufafi ko kayan ado da ya shafi makami. Duk wanda ya shafi makami. Kun ji faɗin lafazin?

Iyalan yaron suka kai ƙara. A watan Disamba na 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Richmond ta duba layin nan, ta yi abin da nake so kowane mai rubuta dokar makaranta ya riƙa yi. Ta ɗauki dokar ta gwada ta a kan abubuwan da ke kewaye da makarantar. Ta ce to, hatimin jihar Virginia fa? Wanda bai taɓa gani ba, bari in zana masa. Mace ce a tsaye, mashi a hannunta, ta ɗora ƙafa a ƙirjin wani azzalumin sarki da ya faɗi ƙasa, kambinsa ya yi gefe. Yana jikin tutar jihar, yana jikin takardun gwamnati. Bisa wannan doka, yaron da ya sa riga mai hatimin jiharsa ya yi laifi. (Dariya.) Ba a gama ba. Jami'ar Virginia tana nan kusa da su, tambarin wasanninta takubba biyu ne a gicciye. Wannan ma laifi. Babbar sakandaren gundumar kanta, alamarta sojan zamanin neman 'yanci ne da bindigarsa irin ta toka. Ƙane ya ari rigar yayansa, ya shiga uku. (Dariya.) Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ko rigar da aka rubuta wa saƙon ƙin bindiga ta faɗa cikin haramcin, tunda ita ma ta shafi makami.

Malam na ga kana girgiza kai. E, haka aka yi, wallahi. Kuma ina ce maka a cikinmu nan akwai masu irin wannan layin a littafin dokokin makarantarsu. Mukan zauna cikin fushi bayan wani abu ya faru, mu rubuta "an hana duk wani abu da ya shafi kaza", ba mu tsaya mun tambayi wa da wa tarun zai kama ba. Taru mai ƙananan ido ba ya barin ko ɗan tsaki. Sai kotu ta tambayi makarantar: ina hujjarku? An taɓa yin faɗa saboda irin rigar nan? Darasi ya taɓa tsayawa? Babu. Ta ce dokar ta yi faɗi fiye da kima, ta ba da umarnin a dakatar da aiki da ita.

Ina so in ɗan daɗe a nan, ku yi haƙuri. Me ya sa makaranta ke kama riga? Saboda rigar ce hannunta ke kaiwa. Shugaban makaranta ba shi da iko a kan majalisar dokoki, ba shi da iko a kan shagon sayar da bindiga da ke bakin titi, ba shi da iko a kan abin da uba ya ajiye a durowar gida. Abin da ke gabansa yaro ne da riga. An bar jaki ana dukan taiki. Bayan Columbine makarantu da dama sun hana dogon kwat, don maharan da shi suka shiga. Bayan harin Parkland a jihar Florida, 14 ga Fabrairu 2018, inda aka kashe mutum 17, sai aka raba wa ɗaliban makarantar jakunkunan goyo masu nuna abin da ke ciki kamar gilashi. Yaran da suka tsira suka fito suka ce mu aka harba, kuma mu ake bincika. Wata guda bayan harin ɗalibai a faɗin ƙasar suka fice daga aji na minti 17, minti ɗaya don kowane rai.

Na taɓa kasancewa a wata firamare a can ranar da ake atisayen ɓuya. Ƙararrawa ta buga, malama ta murɗa makulli, ta kashe fitila, ta ja labule. Yara 'yan shekara shida suka rarrafa zuwa lungu suka cure wuri guda. Wata yarinya ta rufe bakinta da hannu bibbiyu don kada numfashinta ya fita. Na kasa cin abinci a ranar. Duk wanda zai yi wa malaman nan hukunci ya fara tuna wannan lungun.

Wannan ya kawo mu na uku. A'a, na biyu muke har yanzu ko? To, duk ɗaya ne, ku biyo ni. Kada ku ɗauka ɗalibi ne kullum ke cin nasara. A garin Durand na jihar Michigan, watan Fabrairu na 2022, makarantar firamare ta ware ranar sa hula. Wata yarinya 'yar aji uku ta zo da hana-salla mai hoton bindigar AR-15, an rubuta abin da ma'anarsa ita ce zo ka ƙwata in ka isa. Aka sa ta cire. Mahaifinta ya kai ƙara, a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ba makarantar gaskiya. Me ya bambanta ta da Newsom? Ƙasa da wata uku kafin ranar, 30 ga Nuwamba 2021, an harbe ɗalibai huɗu a sakandaren Oxford a wannan jihar, kuma wasu yaran yankin Oxford sun koma wannan firamaren, ana ba su kulawa saboda firgita. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga ƙarancin shekarun yaran, ga kalmomin hular masu kama da ƙalubale. Hujjar da Fortas ya nema ta samu, mai suna, mai kwanan wata. Ni a nan ina tare da makarantar ɗari bisa ɗari, kamar yadda nake tare da yaron Virginia.

Shugaba ya nuna mini agogo. Yunifom a gurguje: yawancin makarantun gwamnati a can ba sa sa shi, shi ya sa rigimar ke tasowa. Gundumar Long Beach a California ta tilasta shi a 1994, shugaba Bill Clinton ya goyi bayan tsarin a jawabinsa na 1996. Na huɗun kuma ai na riga na zuba shi a cikin labarin hatimi. A buɗe tambayoyi.

Tambaya daga wata malama: Malam, mu nan yunifom muke sawa, ba mu da matsalar rigar bindiga. Tamu rigimar ta hijabi ce. Shin wannan ma'aunin na Tinker zai yi mana aiki?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ta fi duk abin da na shirya. Ƙofa biyu ce daban. Yaron Virginia ta ƙofar magana ya shiga, 'yar hijabi ta ƙofar addini take shiga, sashe na 38 na kundin tsarin mulkinmu na 1999. A Legas babbar kotun jiha ta goyi bayan hana hijabi a makarantun gwamnati a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan a 2016, sannan ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙinsu, alƙalai biyar cikin bakwai. Faransa kuma ta bi wata hanyar: tun 2004 ta hana bayyanannun alamomin addini a makarantun gwamnati, a 2023 ta ƙara da abaya. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure kotunmu, Hajiya, kada a fita daga nan a ce na faɗi haka. Amma tambayar da aka yi wa makarantar Virginia kina iya yi wa duk mai son hana 'yarki mayafinta: wane darasi ne ya tsaya saboda shi, wace rana, a wane aji? Kuma in ɗalibar da ba Musulma ba ta zo makarantarki da alamar nata addinin, ke ma za a yi miki tambayar, sai ki shirya amsa. Akwai hannu a baya can, Malam mai farar hula. A miƙa masa makirufo.